Dutsen Iyakar Ipuy

Mijina Kenna da maƙwabcinmu Ipuy tun suna yara suke faɗa, har furfura ta cim musu ba su daina ba. Gonakinsu a manne suke, dutsen iyaka ɗaya ne tsakani. Duk shekara kogi ya cika ya shanye gonaki, ya janye ya bar baƙar laka, sai su fito su tsaya a kan dutsen nan suna zargin juna.

Shekarar da kada ya ɗauke ɗan Ipuy, jikoki suka dawo hannunsa. Gonarsa kuwa tafin hannu ce, ba za ta ciyar da su ba. Kenna ya aika masa da hatsin sha'ir, tsohon ya maido, wai shi ba mabaraci ba ne. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har raina.

Da ruwa ya janye, wata safiya na hango mijina tsamo-tsamo cikin laka yana kokawa da dutsen. Kowa ya san wanda ya matsar da dutsen iyaka, ranar da za a auna zuciyarsa a lahira ba shi da bakin magana.

Kafin in isa, Ipuy ya riga ni, yana ɗingishi da sandarsa.

"Na kama ka, tsohon ɓarawo! Yau ƙaryarka ta ƙare!"

"Rufe mana baki, mai kan tulu," in ji Kenna yana haki.

Ipuy ya dubi tsohon ramin, ya dubi inda dutsen ya koma. Cikin gonarmu aka turo shi. Tasa ce ta ƙaru, har da gefen da ya fi laka mai kyau.

Ya juyo ya dubi Kenna.

"Kai mahaukaci, ranar awo me za ka ce wa alƙalan lahira?"

"Sai in ce na matsar. Ina ruwanka?"

Ipuy ya share ido da bayan hannu, ya sa ƙafa ya danna laka a gindin dutsen har ya zauna daram.

"Ba za ka ce komai ba. Na girme ka, ni zan riga ka zuwa. Zan gaya musu kogi ne ya ture shi, a kan idona."