Farin Zane a Kakar Auduga

Sau uku Shitu Alkasim ya kewaya garin da ƙaramin jirgin sama, yana leƙen ƙasa ta gefen fiffike, kafin ya yarda cewa wannan ma ba garinsu Badafi ba ne.

Umarnin da malaminsa Bature ya ba shi da safe a filin jirgin Kano ba mai wuyar ganewa ba ne. Ya bi layin dogo har Zariya, ya juyo, ya dawo. Kada ya saki dogon. Kada kuma ya kusanci dajin kudu da aka zagaye da jan layi a taswira, domin sojoji suna koyon harbin igwa a can duk makon. Wannan ne tashinsa na huɗu shi kaɗai, kuma shi ne ɗan ƙasa tilo cikin ɗalibai tara. An sha tuna masa da haka, cikin ladabi.

Abin da malamin bai sani ba shi ne wasiƙar da Shitu ya aika gida tun makon jiya. Ya ce a karanta wa Inna cewa ranar Laraba da hantsi zai wuce ta saman Badafi, ta shimfiɗa farin zane a tsakar gida don ya gane. Dabara ce mai kyau, irin ta masu ilimi. Aibinta ɗaya ne. Shekara shida a Kano sun koya masa lissafin wata da kalandar ofis, har ya manta Disamba kakar auduga ce. Daga sama, tun daga Bebeji har Kiru, babu gidan da ba a tara fari a tsakarsa ba. Rimin ƙofar gidansu kuwa, wanda yake rantsuwa zai gane ko a mafarki, ashe kowane gari da nasa.

Ya bar wannan gari ya nufi na gaba, daga shi sai wani. Da ya waiwaya neman dogo, babu dogo. Gonaki suka ƙare, daji ya fara. Sai wata jar wuta ta taso daga cikin itatuwa ta gifta gabansa, ta biyu ta biyo ta. Bai buƙaci taswira ta gaya masa inda yake ba. Ya karkata jirgin ya gudu, allurar mai tana ta kwanciya, har ya hango wani fako a gefen ƙauye. Ya sauka da tsalle biyu da bai yi niyya ba.

Kafin farfela ta tsaya, mutane sun baro tsinkar auduga sun kewaye shi daga nesa. Wani dattijo mai sanda ya ratso su, mai unguwar ƙauyen ne, Malam Balarabe.

"Sannu da sauka, samari."

Shitu ya cire hular fata, ya durƙusa ya gaishe shi. Sai da aka gama tambayar gajiya sannan ya ce, kamar dai hira, "Baba, ya sunan garin nan?"

"Kudu da Tudun Wada kake, hanyar Doguwa." Tsohon ya ƙura masa ido. "Wannan goshin na san shi. Kai ba ɗan Alkasim maƙerin Badafi ba ne? Ai a kasuwa muka ji za ka wuce yau. An ce gyatumarka ta hana kowa fita gona."

"Ni ne, Baba."

"Ikon Allah," in ji wata mata mai suna Saude, da ƙunshin auduga a ka. "Ya gaida nasu, ya ce bari ya ƙaraso ya gaida mu. Ɗan halak ke nan. Namu da suka je Kano ko a ƙasa ba sa zuwa."

Shitu ya bar su a kan haka. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar fiffike, aka kawo fura. Wani ya tambaye shi ko daga sama ana ganin Makka. Ya ce ba sosai ba. Furar tana da daɗi, abin da ya ƙara ɓata masa rai.

Yana cikin sha motar soja ta iso. Wani saja ya diro, kakkaura, da takarda maƙale a allo. Ya dubi baƙaƙen da ke jikin jirgin, ya dubi takardarsa, sannan ya dubi Shitu.

"Saja Ubale," ya ce. "Malam, igwa huɗu muka tsayar saboda kai. Manjo bai yi murna ba." Ya lashi bakin fensir. "Abu biyu ake rubutawa a nan, ko ɓata ko ganganci. Mai ɓata ƙarin karatu ake ba shi. Mai ganganci kuwa, shi da jirgi sai dai kallo. Wanne ne naka?"

Duka biyun nasa ne. Da gangan ya saki dogo, da gaskiya kuma ya ɓata. Sai dai takardar gwamnati ba ta da gurbin mutum irin wannan. Ya tuna shekara biyu da ya yi yana roƙon a ɗauke shi, ya tuna ɗaliban nan takwas da yadda za su girgiza kai cikin tausayi, irin na wanda dama ya faɗa. Ya amsa da Turanci, ƙasa-ƙasa.

"A'a, da Hausa," in ji Saja. "Mai unguwa ne shaida, shi zai dangwala hannu. Ba a sa dattijo ya dangwala abin da bai ji ba."

Shitu ya ajiye ƙwaryar fura.

"Ɓata na yi."

"Iska ta kwashe maganar, Malam," in ji Saja.

"Ɓata na yi, Saja. Ban san inda nake ba."

Can baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba, "A ƙasar ubansa?" Wani ya ce masa ya yi shiru. Saude ta gyara ƙunshin da ke kanta, ta mai da ido kan tayar jirgin kamar ita ta zo gani.

Saja ya rubuta, a hankali, harafi bayan harafi. Ya ce jirgin zai kwana nan da mai gadi har Bature ya zo da mai, shi kuma Shitu zai bi su a mota.

"Saura layi ɗaya. Mutumin ina ne kai?"

Shitu ya dubi ƙasa. Kafin ya amsa, Malam Balarabe ya miƙa babban yatsansa ga tawada.

"Baƙo ne, Saja," ya ce. "Rubuta Kano. Baƙo kuwa ba a ganin laifinsa in ya ɓata."

Ya dangwala, ya goge yatsan a gefen rigarsa. Shitu ya tsaya yana jira wani ya gyara maganar. Mutum wajen arba'in ne a fakon nan, kowannensu ya ji sunan uban Shitu ɗazu, wasu ma da fartanyar da uban ya ƙera suke noma. Mutanen kirki ne ƙwarai. Babu wanda ya ce uffan.