Makulli na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Mai Makulli yana yanka wa jama'a makulli, amma na shagonsa guda ɗaya ne tak, yana rataye da igiyar fata a wuyansa. Ƙaninsa ya roƙa har ya gaji, matarsa ta yi mita har ta haƙura. Amsarsa ba ta canzawa: sai wanda ya san aiki zai riƙe na biyu.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gama koyon tsara shafukan intanet ta dawo gida, aikin da ta fara sa wa ido kuwa shi ne shafin shagon. Nan fa ake yin ta, don Baba ji yake da shafin nan kamar ɗan fari. Kullum da safe sai ya kunna kwamfutar da ke kan kanta, ya gyara tabarau, ya ƙare wa hotonsa kallo, ga tarihin shagon zuƙut a ƙasa, ga lambar waya can a kusurwar dama.

"Baba, ka bar ni in gyara shi mana."

"Me ya ɓaci? Ke dai karatu ne ya yi miki yawa."

Ya ga maganar ta yi mata zafi, amma ya basar. A ransa aikin da ba ya sa hannu ya yi baƙi ba aiki ba ne.

Wata rana da tsakar rana ta ce ya fito ya duba allon sunan shago. Yana fitowa ta ja ƙofa ta rufe, ta saƙala masa akwatin kayan aiki a hannun hagu, ta danƙa masa wayarsa a dama.

"Baba, ka ɗauka babu makullin nan a wuyanka. Kai ne wanda ƙofa ta rufe masa, ga kaya a hannu, ga rana. Nemo mai makulli."

Ya buɗe shafin yana hura hanci. A hoton nan nasa, kunnensa kaɗai ya gani da rabin tabarau. Rubutun kuwa kamar tururuwa. Ya ja dama, ya ja hagu, da ƙyar lambar ta leƙo, ita ma ukun ƙarshe sun yanke. Ya ajiye akwatin don ya sa yatsu biyu, sai shafin ya yi tsalle ya koma kan kunnen. Mai walda, maƙwabcinsa, har da riƙe ciki.

"Maigida, ashe kunnenka kake talla duk shekarun nan!"

Auta ba ta yi dariya ba. "Duk kwaɗon da ka sa, sai ka fita waje ka gwada shi," ta ce a hankali. "A wajenka na gani. Mai neman ka ba ya gaban kwamfuta, Baba, yana bakin ƙofa."

Ya buɗe shagon, ya matsa mata kujerar kwamfuta da ƙafa.

Kwana uku ta gama. A waya, babban koren maɓalli na kira ne a sama, sai lokutan aiki, sai hotonsa ɗan mitsitsi a ƙasa. Hoton nan ya tsaya masa a rai. Ya yi sati yana gaishe ta ciki-ciki.

Ran Laraba da hantsi wayar ta yi ƙara. Muryar wata dattijuwa ce: jikarta 'yar shekara uku ta kulle kanta a banɗaki, ga famfo yana zuba. Ya suri akwati ya hau babur. Minti huɗu ya yi a bakin ƙofar, yana aiki yana lallashin yarinyar ta ramin makulli, ƙofa ta buɗe. Kakar ta rungume ta, jikinsu duka sharkaf.

Da hankalinta ya dawo ta ce, "Malam, idona ba ya gani sosai, hannu ɗaya na kan mariƙin ƙofa. Shafi biyu na buɗe, na kasa gane komai. Naka kuwa koren abu na gani, na danna da babban yatsa. Wa ya yi maka shi?"

"'Yata ce." Ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. "Autata. Aikinta ke nan, karatunsa ta yi."

Alfahari ya cika masa ƙirji, har da 'yar kunya a gefe. A hanyar dawowa sai da ya tsaya ya ba mai faci labarin, ba tare da an tambaye shi ba.

Ya tarar da Auta a gaban kwamfuta. Ya cire igiyar fatar daga wuyansa, ya ɗaura makullin a inji, ya zaɓo sabon ƙarfe ya ɗaura kusa da shi. Inji ya yi kukansa ya yi shiru. Ya goge haƙoran da zarto, ya hure, ya miƙa mata tun da ɗuminsa.

"Baba, na wane ne?"

"Fita waje ki gwada."