Inda Mato Yake Kwana

Da hantsi aka fito da su daga komisariya, ofishin ƴan sanda, aka jera su bisa benci a farfajiyar kotun Tanut. Mato ne tsoho a cikinsu. Sauran samari ne, ƴan dako da kamasho na tasha, sai wani bawan Allah da ba ya magana da kowa sai da kansa. Duk daga rumfunan kasuwa aka kwaso su, inda suke kwana. Ƴan kasuwa sun kai kuka ana fasa musu shaguna, magajin gari ya ce a kawar da duk mai kwana a wurin, ƴan sanda suka kawar. Ba su doki kowa ba.

Mato bai taɓa zama bencin kotu ba. A da dillalin dabbobi ne, kuma mai masauki. Zaurensa na bayan kasuwar dabbobi. Buzaye da Fulani in sun sauko daga arewa can suke sauka, su ɗaure raƙuma a ƙofa, matarsa Umma ta dama musu fura, shi kuma ya sayar musu da dabba, ya auno musu gero. Sai Umma ta rasu. Idonsa ya yi yana. Yaran dillalai masu wayar salula suka riƙa gama ciniki tun dabba tana kan hanya. Ɗansa ya tafi Aljeriya, labari ya yanke. Daminar bana ruwa ya kwantar da ɗakunan, ya bar rabin zauren, rabin ma ya bi daga baya. Mato ya ɗauki tabarma da buta ya koma rumfar wani mai sayar da igiya.

Ba ya bara. Mai shayi ya san shi, mai tuwo ta san shi. In an miƙo ya karɓa, in ba a miƙo ba ya sha ruwa ya kwanta. Yana da ƴa, Zuhaira, tana aure a Gangara, ta sha aiko masa ya zo. Amma gidan na mijinta ne. Mato ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba, balle ya je ya shimfiɗa tabarma a zaurensa. Ya ce a gaya mata yana nan lafiya.

Wani ɗan sanda mai suna Idrisa, wanda tun yana yaro ya san Mato a kasuwa, ya zo ya tsuguna kusa da shi kamar yana gyara takalmi. Ya ce masa a hankali in alƙali ya tambaye shi wurin kwana, ya ambaci gidan wani, ko wane gida, a wuce wurin. In kuwa ya ce ba shi da ko'ina, to gidan kaso ne.

Mato ya shafa gemunsa.

"Da wannan furfurar zan koyi ƙarya?"

Idrisa ya tashi ya bar shi.

Aka shigar da su. Zujun, wato alƙalin gwamnati, matashi ne, bai fi ɗan Mato ba. Daga yamma aka kawo shi, Hausarsa ta wajen Dogon Dutsi ce. Ba wuta, fanka a tsaye, shi kuma yana cikin baƙar rigar shari'a yana gumi. Ya karanta da Faransanci, sannan ya maida da Hausa. Ya ce doka tana kiran mutum mai gararamba in ba shi da gida sananne, ba shi da abin ci, ba shi da sana'a. Wanda aka samu haka, laifi ne, ana iya ɗaure shi.

Shari'ar ba ta da tsawo. A kira mutum, a tambaye shi inda yake kwana, da abin da yake ci, da aikinsa. Ƴan dako sarkin tasha ya zo ya tsaya musu, aka sallame su da gargaɗi. Bawan Allahn nan mai magana da kansa, zuju ya dube shi ya ce wannan ba na kotu ba ne, a kai shi asibiti. Wani saurayi baƙo da ba wanda ya san shi, kuma an taɓa kama shi, aka yanke masa ƴan makonni. Gardi mai tsaron kotu ya riƙe hannunsa suka fita ta ƙaramar ƙofa. Mato ya bi ƙofar da kallo, duk da dishi-dishi yake gani.

Da aka kira shi ya miƙe, ya gyara hularsa. Zuju ya ce a ba shi kujera, ya ce tsayuwa ta ishe shi. Aka tambaye shi wurin kwana, ya ce kasuwa. Abin ci, ya ce abin da Allah ya kawo. Sana'a, ya ce yana da ita, ta bar shi. Zuju ya ajiye biro ya tambaye shi ko ba shi da ɗa ko ƴa, ko wani ɗan'uwa da za a aika wa. Mato ya san in ya ce Gangara, mijin Zuhaira za a kira, ya zo ya same shi tsaye tsakanin gardawa. Ya ce yana da ƴa, amma a gidan mutane take, ba zai faɗi inda take ba.

"Baba, ka taimake ni in taimake ka," in ji zuju. "Ba na son in kai ka can. In na sake ka ka koma kasuwa, gobe a sake kawo mini kai."

Mato ya ce ya ji. Ya dafa katakon gabansa. Abin da ke cin ransa ba yunwa ba ce, ba sanyin kaso ba ne. A ce Mato mai masauki ya kwana kaso da sunan mai gararamba, maganar ta kai Gangara, Zuhaira ta ji a bakin rijiya.

Sai aka ji hayaniya a bakin ƙofa. Wani dogon Buzu ne, rawani har hanci, gardi yana ce masa ya ajiye takobi a waje, shi kuma yana cewa a riƙe masa da kyau. Tun kafin ya ƙaraso Mato ya gane muryar. Aghali ne, makiyayi daga wajen Tenhiya. Tun yana bin ubansa a zauren Mato suke sauka. Duk damina yana arewa da dabbobi, yau ya sauko don gobe kasuwa. Ya je masauki ya tarar da tarin ƙasa, mai shayi ya nuna masa hanyar kotu.

Zuju ya tambaye shi me ya kawo shi. Aghali ya ce maigidansa ya zo ɗauka. Ya ce mutumin nan yana da gida, gidan kuwa nasa ne, can zai koma da kwana.

Zuju ya ɗauki biro da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya tambayi inda gidan yake. Aghali ya ce yanzu dai yana gabas da Tenhiya, kusa da rijiya. Zuju ya ce me ake nufi da yanzu dai. Aghali ya ce in ciyawa ta ƙare ai tashi za su yi. Bukka ce ta tabarmi, a naɗe ta a ɗora wa jaki. Zuju ya ce doka gida sananne take so. Aghali ya yi mamaki. Ya ce ai ba gidan da ya kai nasa sanuwa, a tsaya a kowace rijiya daga nan har Tenhiya a tambaya, za a nuna da hannu. Zuju ya juya biro, sannan ya ce to, wannan ya karɓa. Saura abu ɗaya, ya rantse bukkar tasa ce, yana da ikon saukar da baƙo a ciki.

Nan Aghali ya tsaya. Ya ja rawaninsa sama.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ba tawa ba ce. Ta matata ce."

Ya ce haka abin yake a wurinsu. Uwarta ce ta saƙa mata tabarmin, da ita ta zo ranar aure. Raƙuma nasa ne, bukka tata ce. In ta yi fushi ta naɗe abinta, shi ma gindin itace yake kwana.

"Ashe kai ma kusa da shi ya kamata ka tsaya," in ji zuju.

Kotu ta ɗauki dariya, har gardi. Mato bai yi ba. Ya san al'adar tun da daɗewa, ya sha zolayar Aghali da ita a zaure, yana ce masa baƙon matarsa. Yau abin bai ba shi dariya ba.

Zuju ya tambaya ina matar. Aghali ya ce tare suka zo, tana bakin kasuwa da cuku. Zuju ya ce a je a kira ta, zai jira. Ya ce Mato ya zauna, wannan karon Mato ya zauna. Aka ci gaba da wata shari'a ta jaki da ya shiga gonar wake. Mato bai ji ko kalma ɗaya ba.

Raishatu ta shigo ba ta gaggawa. Mace ce mai jiki, baƙin mayafinta ya rine mata hannu da goshi. Ba ta dubi zuju ba. Gaban Mato ta je ta tsaya, ta gaishe shi, ta yi masa jajen gida. Sannan ta hau shi da faɗa da Hausarta ta Buzaye. Ta ce motar kasuwa kullum tana zuwa Tenhiya, me ya hana shi aika ko da baki. Ta ce da Umma tana raye da ba ta bar shi ya yi wannan taurin kai ba. Ta tuna masa shekarar da ta sauko da ciwon ciki, Umma ta ba ta ɗakinta, shi ya koma zaure cikin raƙuma har ta warke. Mato ya ce wannan ba wani abu ba ne. Ta ce ai ba shi ta tambaya ba.

Zuju ya yi gyaran murya, ya tambaye ta ko ta yarda tsohon nan ya zauna a bukkarta. Ta ce ba a bukkarta ba, shi da Aghali ba za su bar ta ta yi barci ba da gardamar farashin awaki. Akwai ta ƴarta da ba a yi aurenta ba tukuna, tabarmin suna naɗe, da sun koma za ta kafa masa kusa da tata. Zuju ya tambayi abin ci. Ta ce nono da gero, kuma kada ya dame ta da zancen miyar kuka. Ya tambayi sana'a. Ta ce igiya za ya tufka, ya riƙe ƴan awaki lokacin tatsa, ba a zaman banza a wurinta.

Zuju ya juya wajen Mato.

"Baba, sun faɗi nasu. Amma ba zan ba da kai kamar kaya ba. Ka yarda?"

Mato ya miƙe. Duk rayuwarsa shi ake sauka wurinsa. Bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin wani ba, balle na mace, balle a daji inda ba masallaci, ba kasuwa, ba mai ce masa Maigida sai Aghali. Ya dubi ƙaramar ƙofar da aka fita da saurayin nan. Ya dubi inda Raishatu take, inuwa baƙa mai faɗi, tana tsaye tana jiransa kamar mai jiran a cika mata tulu.

"Na yarda," ya ce.

Zuju ya yi rubutu, ya ce an sallame shi, ba laifi a kansa. Ya ƙara da cewa in sun tashi daga rijiyar nan su aiko wa Idrisa, don kotu ta san inda gidan ya koma. Aghali ya ce wannan sai a tambayi mai gidan. Raishatu ta ce za a aiko.

Mato bai tafi nan take ba. Ya matsa kusa da teburin ya ce wa zuju yaro ne shi, amma ya iya jira, Allah ya jiƙan iyayensa in sun rasu, ya ja kwanansu in suna raye. Zuju ya ce amin, ya sunkuyar da kai, ya kira na gaba.

A waje rana ta take. Aghali yana ta gardama da gardi wai an goga masa ƙasa a kuben takobi. Mato ya ce masa in ya sami mai zuwa Gangara gobe a kasuwa, a gaya wa Zuhaira ubanta ya tafi Tenhiya wurin mutanensa. Haka kawai za a faɗa. Aghali ya ce ai haka abin yake.

Raishatu ta riga ta yi gaba. Mato ya ɗaga ƙafa ya cim mata a bakin ƙofar farfajiya. Ya daɗe bai yi irin wannan magana ba, bakinsa ya yi nauyi.

"Raishatu, na gode. Allah ya saka miki."

"Amin, Maigida. Ɗaga ƙafa, na bar cukuna a hannun wata Bafilatana, ban san ta ba."

Ya bi bayanta suka gangara kasuwa.