Arba'in da Huɗu a Baki

Wata tara Uwar Biyu ta yi a cibiyar koyon sana'a, ta fito da satifiket da keken ɗinki, kai ya kumbura kamar ita ta ƙirƙiro allura. Malama ta koya mata komai: awo, yanka, zif, aljihu. Sai dai duk a jikin mutum-mutumi suka yi ta gwaji, shi kuwa ba ya jin haushi in an faɗi faɗin ƙugunsa.

Ta kafa keken a barandar gida, aiki bai wuce facin wando ba. Kullum da safe sai ta miƙa wa maigida hannu a ba ta na sabulu, abin da ta tsana ke nan a duniya.

Rannan sai ga shugabar makarantar unguwa da yadi mai tsada. Ta ce, "Ɗinka min riga. In ta yi, yunifom ɗin yara tamanin naki ne."

Uwar Biyu ta zagaya da tef a ƙugun baiwar Allah, da ƙyar hannuwanta suka haɗu. Arba'in da takwas cif. Ta ɗaga ido ta ga fuska a ɗaure, sai baki ya yi nauyi.

"Nawa?"

"Arba'in da huɗu, ranki ya daɗe."

Shugaba ta yi murmushi. Ita kuma gwanar, mai satifiket, ta rubuta arba'in da huɗu a takarda, bayan kwana biyu ta ɗauki almakashi ta bi takardar tiryan-tiryan. Kaico!

Ranar gwaji riga ta shige kai, ta wuce kafaɗa, ta tsaya cak. Shugaba hannuwa a sama, fuska a cikin yadi, tana huci. Uwar Biyu tana ja tana ba da haƙuri, a ranta tana cewa, "Wata tara, sakarya! Da waken gida kika zauna kika tsince." Ta hango yunifom tamanin suna ɗaga mata hannu, ta ji kuka ya taho.

Da aka zare rigar, shugaba ta gyara ɗankwali. "Sake aunawa. Ki faɗa min abin da tef ya ce."

"Arba'in da takwas ne," in ji ta, murya can ƙasa.

"Na sani, 'yar nan, ina da madubi. Tsohon telana shekara goma yana ce min arba'in da huɗu, amma takwas yake yankawa. Ƙaryar a baki take tsayawa, ba ta sauka kan almakashi."

Uwar Biyu ta farke gefuna, ta ƙara ragowar yadin dama da hagu. Riga ta zauna ɗas, aikin yunifom ya tabbata.

"Yanzu nawa ne?" in ji shugaba, tana juyi.

"Arba'in da huɗu, ranki ya daɗe."

Washegari maigida ya zura hannu a aljihu kamar kullum. Ta ce, "Bar shi, Baban Biyu, na saya." Ba ta ko ɗago daga keken ba.