Zirin Ruwan Zuma

Tun da na gama jami'a nake taya Goggo Casilda aiki a shagon gyaran gashinta a garin Moca. Ni ce mai haɗa launi, don aiki ne da ba ya buƙatar surutu.

Ranar Talata da hantsi Doña Eduviges ta shigo riƙe da hannun autarta, Yuleisi. Gashin yarinyar ruwan ƙasa ne mai haske, ba a taɓa sa masa komai ba.

"Ziri-ziri za a yi mata," in ji uwar, ta miƙo hoto. "Ruwan zuma, biyu a goshi. Kamar nan."

"Sannu uwar kwalliya!" Goggo ta ce tana dariya. "Ita mai kan ba ta da baki?"

Yuleisi dai ƙasa take kallo. Da hoton ya iso hannuna na gane shi. Katin da ake rabawa ranar addu'ar kwana tara ta mamaci ne, an yanke rubutun ƙasan da almakashi. Dalisa ce, yayar Yuleisi, wadda kogi ya ci bara. Na dubi madubi, sai na ga rigar jikin Yuleisi ita ce ta hoton, har ta yi mata yawa a kafaɗa.

A shagonmu ba a taɓa kan mutum sai an gwada maganin a ƙeya. Idan gashin ya tsinke, an fasa ke nan. Da na sunkuya zan ware zirin gwajin, Yuleisi ta raɗa min.

"Yaya, a gida ma da sunan Dalisa Mama take kirana. Gashin nan kaɗai ya rage min."

Ban iya musu da manya ba. Na shiga ciki, na bar hodar kashe launi a rufe, na zuba man laushin gashi zalla a kwano. Shi ma fari ne. Na shafa, na naɗe da takardar alminiyam. Niyyata in ce gashin ya ƙi karɓa.

Muka jira minti ashirin. Goggo na ta hirar tsadar ayaba, uwar kuwa ko ƙyafta ido ba ta yi.

Da na taɓa takardar na ji ta da sanyi, da danshi. Na buɗe. Zirin ya koma ruwan zuma sak na hoton, yana warin laka.

"Kai, 'yar boko, hannunki da albarka!" in ji Goggo. "Ɗauko sauran."

Na buɗe baki in faɗi abin da ke cikin kwanon, sai uwar ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Ya yi miki, Dalisa?"

Yarinyar ta ɗago kai, karo na farko tun shigowarsu. Ta juya hagu, ta juya dama, tana murmushi.

"Ya yi, Mama," ta ce. Sannan ta dube ni ta cikin madubi. "Ki fara da goshi."