Ƙafar Farko a Gidan Nuala

"Ka shigo mana, Fergal. Ko sai na aiko maka da mota?"

Nuala ce take magana ta taga, da siririyar robar iska a hancinta. Ni kuwa ina tsaye a bakin shingen gidansu, na naɗe bakina da mayafin wuya, ruwan sama yana dukana. Safiyar ɗaya ga Janairu ce, kuma tun Kirsimeti nake fama da mura.

Na ce mata yau kam ba zan shiga ba. Na yi tari don ta ji da kunnenta. A bayanta na hango mijinta, Mossie, yana girgiza mini kai.

Gidanmu da nasu a garin Kilrush bango ɗaya ne. Da ciwonta aka haife ta, wanda likitoci ke kira sistik faiburosis, majina mai kauri da ke toshe huhu. An gaya wa mahaifiyarta kada ta sa rai yarinyar za ta gama firamare, ga ta nan ta doshi sittin. Sabon maganin da ya tashi kafaɗun mutane da yawa bai dace da irin nata ba. Murar da ni zan kwana biyu in wartsake, ita tana iya kai ta kushewa. Duk layinmu an san haka. Ko mai kawo wasiƙa daga nesa yake gaishe ta.

To amma a al'adarmu, ƙafar da ta fara taka gida a sabuwar shekara ita ke ɗauke da rabon shekarar, kuma ana so ta zama ta namiji mai baƙin gashi. Mossie ja ne gashinsa kafin ya zube. Ni kuwa baƙin gashi gare ni, don haka tun ina ƙarami ni ke shiga ta ƙofar gaba in fita ta baya. Na bar makaranta, na bar gareji, na bar jirgin kamun kifi, wannan aikin kaɗai ne ban taɓa gudu ba.

Na ce ta nemi wani. Ta ce wa za ta nema, duk samarin layin sun tafi ƙasar waje, saura masu sanƙo irin na gidanta. Mossie ya ce ya ji, ya gode. Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, muka tsaya muna jira har ya lafa. Da ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa.

"Tun da ka fara shigowa ban taɓa fashin ganin ƙarshen shekara ba. Bana tsoro nake ji, ɗan nan."

Ban taɓa jin ta ambaci tsoro ba.

Mossie ya fito cikin ruwan ya same ni. Ya ce zai kai ta ɗaki ya rufe, ya buɗe mini ƙofar gaba, ni kuma in riƙe numfashina in wuce da sauri, kada in taɓa komai. Na yarda. Na ja iska har ƙirjina ya cika, na shiga. Na wuce falo, na wuce matattakala, na isa kicin. Ƙofar baya ta sha ruwa ta kumbura, ta ƙi buɗuwa. Na ja, na sa kafaɗa, idanuna suka fara ganin duhu. Tarin ya ƙwace mini a nan, a gefen teburin da take jera magungunanta.

Mossie ya ture ni waje. Ina ji yana bubbuɗe tagogi, warin maganin goge ƙasa ya biyo ni har tsakar gidanmu. Daga ɗaki Nuala tana tambaya ko na fita ta baya.

Da la'asar ta kira ni a waya, da fara'arta, ba ta san komai ba. Ta tambayi ƙudurin da na ɗauka na sabuwar shekara. Na ce Ostireliya zan tafi. Ta ce bara ma haka na ce, kuma iyakar tafiyata mashayar bakin kasuwa. Nata ƙudurin, ta ce, ta gaji da gaisuwar nesa. Ƙanwarta da ciwon nan ta mutu, kuma ba a bar ta ta shiga ɗakin ba, don masu ciwon ba a haɗa su wuri ɗaya. Bana duk wanda ya zo gaishe ta kusa da ita zai zauna, likita ya faɗi abin da zai faɗa. Na ce mata to, na ajiye wayar.

Kafin tsakiyar wata zazzaɓi ya rufe ta, motar asibiti ta tafi da ita birnin Limerick. Na daina cin abinci. Duk motar da ta tsaya a layin sai na leƙa ta taga. Ranar da Mossie ya dawo ɗaukar mata kaya na tare shi a ƙofa, na kasa haɗa tambayar.

Ya ce, "Tsohuwar ƙwayar cutar ce, wadda ke ƙirjinta tun kafin a haife ka. Ba taka ba ce."

Ya faɗa yana kallon makullin da ke hannunsa. Har yau ban san ko gaskiya ya gaya mini ba.

Aka dawo da ita gida, don ta ce ba za ta mutu a killace bayan gilashin asibiti ba. Aka sa gadonta a falo. Ta aiko a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na saba, ta daki gefen katifa da hannu. Na ce wataƙila murar ba ta gama sakina ba.

"Me kuma za ta yi mini yanzu? Zo nan, matsoraci."

Na zauna. Ta kama hannuna, nata ba nauyi, yatsun sun yi sanyi. Ta daɗe tana kallon fuskata, ta ce ashe akwai tabo a girata, duk shekarun nan ba ta taɓa gani ba.

Ta cika wata ranar Talata da hantsi, Mossie yana ɗora ruwan shayi.

Da aka buɗe gidan don zaman makoki, gawarta tana kwance a falo kamar yadda ake yi a wajenmu, mutanen layin suka taru a waje, kowa yana jiran wani ya fara shiga. Sai da Mossie ya fito ya ce mu shigo. Falon ya cika maƙil, kafaɗa da kafaɗa, rigunan sanyi suna tururi. Wata tsohuwa da ke tsaye dab da kan Nuala ta ji tari ya taso mata. Ta toshe baki, ta juya za ta nemi ƙofa, sai ta tuna, ta tsaya, ta sauke hannunta a hankali.