Kafin Allura ta Biyu

Gardamar allurar rigakafi mai biyar-a-ɗaya Malama ce ta ci ta, a falo, a gaban dangin mijinta. Gwaggo, wadda ta reni mijin tun yana rarrafe, ba ta ce kada a yi wa jaririn Malama rigakafi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Cuta biyar a cinya ɗaya? Cinyar da ba ta kai kaurin hannun ludayi ba?"

Malama kimiyya take koyarwa a sakandare, don haka ta miƙe tsaye. Ta lissafo mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da sauran. Ta ce allura ɗaya ta fi allura biyar sauƙi ga yaro, kuma ta rage wa uwa zirga-zirga. Duk gaskiya ta faɗa. Da ta gama sai ta ce, "Akwai mai tambaya?" Wannan ce Gwaggo ba ta yafe ba.

Aka yi ta farko. Washegari da rana jikin yaron ya yi zafi, ya sanƙare a hannun Malama, idanunsa suka juye sama, ya yi jijjiga kaɗan, sannan ya saki ya yi barci. Ita kaɗai ce a ɗakin. Ta shafa masa ruwa, ta ba shi maganin zazzaɓi, ta zauna tana kallon ƙirjinsa har magariba. Ba ta gaya wa mijin ba, domin duk abin da ya shiga kunnensa a kunnen Gwaggo yake kwana.

Yau ranar ta biyu ce. Ɗakin rigakafin yana da dogon benci, da ma'auni a rataye, da fankar da ta yi ritaya ba a cire ta ba. A bango akwai hoton jariri yana dariya, da alama kafin a tsire shi aka ɗauka. Gwaggo ta biyo su, wai za ta riƙe jaka. A bayan Malama a layi facalarta ce, matar ƙanin mijinta, da jaririyarta da aka kawo karɓar ta farko. Malama ce ta yi ta binta har ta yarda ta zo.

Sista ta buɗe akwatin sanyi, ta ɗauko kwalba, ta girgiza. Ba ta ɗago kai ba ta jero tambayoyinta kamar kwandasta yana kiran tasha.

"Yana zazzaɓi yau? Wani abu ya faru bayan ta farko? Kumburi, kukan da ya ƙi tsayawa, jijjiga?"

Matan da suka riga ta duk "babu" suka ce tun kafin a gama tambayar. Malama ma ta shirya tata "babu" tun a mota. Ta dubi cinyar yaron, da Sista ta riga ta goge da auduga. Ta dubi Gwaggo, wadda ta rungume jaka a ciki tana hamma.

"Ya yi jijjiga," in ji ta.

Sista ta ajiye sirinjin. "Yaushe?"

"Washegarin allurar. Da zazzaɓi."

"Kin kai shi asibiti?"

"A'a."

"Kuma ke ce malamar makarantar nan ko?" Sista ta mayar da kwalbar cikin akwati. "To, gara da kika faɗa. Yau ba zan taɓa shi ba sai likita ya gan shi. Ƙofa ta ƙarshe. Ba wai an hana ba ne, dubawa za a yi. Na gaba!"

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ba ta bukata. Ta juya wajen bencin, ta ce a hankali yadda kowa zai ji, "Ɗan namu ya sanƙare, ba a gaya mana ba. Allah sarki. Da ya tafi, da sai mu ce kwana ne ya ƙare."

"Gwaggo, zazzaɓin ne ya jawo, yakan faru, ba kasafai..."

"Ni na ce wani abu, Malama? Ni da ban yi boko ba?"

Sista ta sake cewa na gaba. Facalar ta miƙe, ta gyara goyonta, ta ɗauki jakarta.

"Ƙanwata, tsaya mana," in ji Malama. "Tarin shiƙa kashe jarirai yake. Wallahi ya fi wannan haɗari."

"Yaya, ke da kika sani kika ɓoye, ni da ban sani ba me zan yi?" Ta fita. Wasu mata biyu da ba su san kowa a cikinsu ba suka bi bayanta.

Sista ta bi su da kallo, ta yi tsaki. "Sai sun dawo min da yaro yana tari har ya shiɗe, a ce Sista taimaka."

Likitan matashi ne, a gajiye, mai ladabi. Ya rufe ƙofa, ya duba yaron daga kai har tafin ƙafa, ya yi tambayoyi masu yawa: tsawon jijjigar, ko ta sake dawowa, ko akwai mai farfaɗiya a dangi. Sannan ya ce yaron lafiyarsa ƙalau, jijjigar zazzaɓi ce, kuma barinsa ba rigakafi ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Za a yi masa ta biyun a nan asibiti, a tsare shi a ga yadda jikinsa zai karɓa, a koya mata abin da za ta yi idan zafi ya tashi. Ya faɗi duk wannan da murya ƙasa-ƙasa, kada ya tashi yaron.

Ta taga Malama tana hango harabar asibitin. Gwaggo tana ƙarƙashin bishiya da waya a kunne, tana sandare hannunta ɗaya tana juya ido sama, duk da wanda take gaya wa ba ya ganinta. Mata sun fara taruwa kusa da ita.

"Kin yi daidai da kika faɗa," in ji likitan.

"Haka Sista ma ta ce."

Ta ɗauki yaron ta fito. Facalar ta riga ta tare mota ta wuce da jaririyarta. Gwaggo ta katse wayar, ta taho da sauri, ta karɓi yaron da hannu biyu, ta dafa kafaɗar Malama.

"Sannu, 'yar nan," in ji ta. "Kada ki sa komai a ranki. Daga yau ni zan riƙa kula da maganar yaran gidan nan."